Dusar da Inna ta Aiko

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a ƙasar Jamus, shi ne ya gudu da jakata.

A babbar tashar jirgin ƙasa ta Hamburg ne, da hantsi, ranar da na sauka. Ina tsaye tsakanin akwatina da wata ƙatuwar jaka, ina kallon allunan da ban iya karanta ko ɗaya ba, sai na ji an ce a bayana, "Hajiya, sannu da hanya." Na waiwaya da sauri har mayafina ya zame. Wani dogon mutum ne da hular sanyi, Hausarsa irin ta mutanen zango, mai ɗan karkacewa. Ya ce daga ina? Na ce Argungu. Ya yi murmushi ya ce, "Garin kifi." Kalma biyun nan kaɗai suka sa na bar masa kayana ya duba mini, na je tambayar motar da za ta kai ni masauki. Da na dawo akwatin yana nan, don ya yi masa nauyi. Shi da jakar kuwa babu.

Takarduna suna jikina, saboda haka tafiyar ba ta tsaya ba. Abin da ke cikin jakar busasshen kifi ne, da yaji, da daddawa, da kuka, da kuɓewar da Inna ta yanka ta shanya da hannunta, da 'yar rediyona mai cin kaset. Na zauna a kan akwatin ina duban ƙafafun mutane suna wucewa. Ban yi kuka ba sai da na kai ɗaki. Har yau nakan tuna mutumin nan, in ce Allah ya sa dai ya iya miya.

Sunana Saudatu. A lokacin jihar Kebbi ba ta cika shekara goma ba. Na gama karatun ilimin halittu a Sakkwato, ina aiki a wani ofishin gona a Birnin Kebbi, ina zaune wajen yayana Umaru da matarsa a Gwadangaji. Inna tana Argungu, ta ƙi barin gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta a ciki. Abin da ya kai ni Hamburg gurbin koyon aiki ne a wani ɗakin gwaje-gwaje kusa da tashar jiragen ruwa. Sharaɗin a fili yake: wata shida na gwaji. In an gamsu da ni, in zauna shekara biyu in yi karatu mai zurfi. In ba a gamsu ba, in koma gida da akwatina kamar yadda na zo.

Ɗakin da aka ba ni yana hawa na huɗu. Gado, tebur, kujera ɗaya, da taga mai kallon bayan wani gini. In na leƙa ta gefe sosai, ina hango kogin garin. Kogi ne babba, ya fi namu na Rima nesa ba kusa ba, amma ba mai wanki a bakinsa, ba mai shayar da shanu, ba masunci a kan gora. Jiragen ruwa masu tsawon unguwa guda suke wucewa a kansa, ba ka ganin mutum ko ɗaya a ciki. A makon farko na haɗu da wani tsoho a matakala, na durƙusa kaɗan na gaishe shi da 'yar Jamusancin da na haddace. Ya amsa da kalma ɗaya. Na tsaya ina jiran sauran gaisuwar, ta gajiya da iyali da sanyi, sai na ji ƙarar mukulli, ya shige. Na daɗe kafin in saba da gaisuwar da ke ƙarewa tun ba ta fara ba.

Aikin kuwa ga yadda yake. Jiragen nan suna sauke masara da waken suya da ake haɗa abincin shanu da kaji da su. Wasu daga cikin irin, an taɓa ƙwayar halittarsu a ɗakin bincike, an dasa musu wani abu daga wata halittar, don su jure maganin ciyawa ko su kashe tsutsa. Da ido ba ka bambancewa. Da baki ma haka. Masu saye kuwa suna son su sani, don akwai waɗanda ba sa son shanunsu su ci. Sai a ɗibo kaɗan daga kowane kaya a kawo mana, samfur ke nan. Mu niƙa, mu auna, mu jiƙa da magunguna har ƙwayar halittar ta fito ta kwanta a gindin wata 'yar kwalba, fara, ba ta kai ƙwayar gero ba. Sannan a sa ta a injin da ke zafafa ta yana hucewa, yana zafafawa yana hucewa, har abin da ake nema ya yawaita in yana nan. A ƙarshe a zuba a kan wani abu mai santsi kamar kamu da ya daskare, a kai ɗakin duhu, a kunna fitila mai launin shunayya. In layi ya haska, an taɓa irin. In duhu ne kawai, ba a taɓa ba.

Na so ɗakin duhun nan. Shi ne wuri ɗaya a duk garin da shirun cikinsa bai dame ni ba.

Shugabarmu Dakta Ingrid ce, siririya, mai furfura a yanke gajere, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ranar farko ta zagaya da ni ɗakuna uku: na niƙa, na jiƙo, na inji. Ta ce, "Daga na farko zuwa na uku ake tafiya. Ba a komawa baya. Kowane ɗaki da rigarsa da safar hannunsa. Ƙura ɗaya ta waken jiya in ta faɗa cikin samfurin yau, kin yi wa wani ƙarya, ko da ba ki yi niyya ba." Ta dubi mayafina ta ce, "Wannan ma, uku za ki tanada." Na tanadi uku, farare, na ɗinka wa kowane zare mai launi daban a gefe don kada in rikita.

Wata rana tana duba littafina ta tambaye ni me dabbobi ke ci a wajenmu. Na ce ciyawa, da harawa, da dusa. Na shiga ba ta labarin fadamar Zauro, yadda shinkafa ke kwanciya in iska ta taso, da yadda dusa ke taruwa a bayan injin casa har ta kai ƙugu, mata na zuwa da kwarya suna auna wa tumakin layya. Na yi dogon bayani fiye da yadda aka tambaye ni, don na kwana biyu ban yi magana mai tsawo da kowa ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To aikin gwajinki ke nan. Ki sa a aiko dusar shinkafa daga wuri uku. Ba inda ake noman shinkafar da aka taɓa, saboda haka duhu za ki gani. Abin da nake son in gani shi ne ko hannunki zai iya fitar da duhu mai tsabta a ɗakin da waken suya ke yawo."

A ranar na rubuta wa Yaya Umaru takarda. Na ba shi labarin jakar da aka sace, na mayar da abin wasa don kada hankalinsu ya tashi. A ƙarshe na ce, don Allah a aiko mini da dusar shinkafa daga Zauro da Argungu da Augie, kowace ƙullinta daban, ina buƙatarta ƙwarai, kuma da gaggawa. Na haɗa da takardar izinin shigo da ita da Dakta ta nema mini.

Sai jira. Ganye ya yi ja ya zube. Rana ta riƙa fitowa a makare tana komawa da wuri, kamar baƙuwar da ba ta ji daɗin gidan ba. Azahar da La'asar da Magariba suka matso kusa da juna, har da wuya alwala ɗaya ta karye a tsakani. Abincina burodi ne da shayi da dafaffen dankali, don ina tsoron nama kuma ban san sunayen abubuwa ba. Siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna. Na sa masa fil.

Azumi ya same ni a haka. Ana shan ruwa tun muna wurin aiki. Ranar farko na fita baranda da kofin ruwan famfo, na dubi agogo, na yi bismilla. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Matar da ke share mana ɗakuna ce, Ayshe, Baturkiya mai jiki, ta kai sa'ar Inna. Ta nuna kofin, ta nuna ni, ta ce, "Ramazan?" Na gyaɗa kai. Ta kaɗa kai kamar mai faɗa, ta kama hannuna ta ja ni zuwa ɗan ɗakin da take ajiye tsintsiya da bokiti. Akwai kujera biyu a ciki, da rediyo a kan kanta, da kwanon miya mai ɗumi a naɗe cikin tawul. Ta raba miyar biyu. Jamusancinta guntu-guntu ne, nawa bai kai nata ba, sai muka cike da bismilla da alhamdulillahi da nuni da hannu. Kullum sai ta matsa kumatuna ta ce, "Kaza. Ƙaramar kaza." Ni kuma na sa mata Goggo. Ta tambayi ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba. Ta ce a'a, ita ba ta yarda ba, 'yan'uwan uba masifaffu ne a garinsu. Amma in na kira, tana amsawa.

Saƙon ya iso a tsakiyar azumi, bayan ya yi makonni a hannun masu binciken kaya. Ƙulli uku ne cikin farin ƙyalle, an ɗinke bakin kowane da baƙin zare, ga rubutun Yaya Umaru a jiki: Zauro, Argungu, Augie. Na gane ɗinkin Inna tun kafin in taɓa, ƙanana a jere kamar sahun tururuwa. Na buɗe a ɗakin niƙa, da rigata da safata. Dusar ta fi wadda na sani laushi, launinta ya ɗan yi ƙwai-ƙwai, kuma tana wani ƙamshi mai daɗi. Na ce a raina kewa ce, duk abin da ya fito daga gida dole ya yi mini kyau.

Kwana biyu na yi a kanta. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. A rana ta uku na shiga ɗakin duhu, Dakta tana bayana, na kunna fitilar.

Layi uku. Zauro, Argungu, Augie, duk suna haskawa, fiye ma da na waken da muka san an taɓa.

Dakta ta ce, "Sake."

Na wanke komai, na canza magunguna, na sake. Layi uku. Sai ta ɗauki ƙullin da kanta, ta hana ni shiga, ta yi nata gwajin. Bayan kwana huɗu ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa.

"Saudatu, akwai waken suya da masara a cikin dusarki. Ba ƙura ba ce ta faɗa. Da yawa ne. Kuma irin da jiragen nan ke kawowa ne, irin ragowar da ke cikin ma'ajiyarmu." Ta gyara takardun gabanta, ko da yake a gyare suke. "Saƙonki ya yi jinkiri, lokacinki yana ƙurewa. Na taɓa ganin ɗalibin da samfurinsa bai isa ba, ya cike da abin da ya samu a kusa. In haka ne, ki faɗa mini yanzu. Kuskure ina iya gyara shi. Ƙarya ba na iya zama da ita a ɗakin nan."

Na ce ban ƙara komai ba. Na so in rantse, na tuna rantsuwa ba ta da nauyi a nan. Ta ce a ƙarshen wata mai zuwa za a zauna kan maganar ci gabana, kuma kafin nan kada in ƙara taɓa samfurin kowa. Ta mayar da ni wajen wankin kwalabe.

Na nemi Yaya Umaru a wayar ofishinsu. Sai a karo na biyar layin ya shiga, muryarsa tana zuwa tana ɓacewa kamar daga cikin rijiya.

"Yaya, dusar nan daga ina ka samo ta?"

"Daga ina hwa? Ni da ƙahwata na tahi Zauro, na tahi Augie a kan babur, ƙura har cikin kunne. Bakin inji na auno ta. Ke, 'yar boko, wai har Turai kinka tahi ki koma kiwon tumaki?"

"Ba wanda ya ƙara mata komai?"

"Wa za shi ƙara ma dusa wani abu? Dusa ta hwa, ba zinari ba. Inna ta ɗinke, na kai tasha. Lahiya dai?"

Na ce lafiya lau. Layin ya yanke kafin in tambayi kowa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ina tsaye gaban famfo daga safe zuwa yamma, ruwan zafi yana tsattsage mini yatsu. Abokan aiki ba su yi mini wulaƙanci ba. Sun dai rage kallona, in na shigo sai kowa ya sami abin dubawa a tebur. Har na fara zargin kaina. Ko na yi ne ban sani ba? Ko na rikita mayafi? Amma ƙurar mayafi ba ta cika ƙulli. Na riƙa hango kaina ina sauka a tashar Birnin Kebbi da akwati, ana tambayata har an gama? Komawar ba ita ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi shi ne a ce akwai mace ɗaya a duniya da ta dube ni ta ga maƙaryaciya, kuma ba ni da harshen da zan wanke kaina da shi.

Ranar Sallah na je aiki kamar kullum. Na sa atamfata a ƙarƙashin farar riga, ba wanda ya gani. Goggo Ayshe ta kawo mini wani zaƙi mai zuma, ta tsaya a kaina har na cinye.

Saura kwana shida a zauna kan maganata, na tarar da ambulan a akwatin wasiƙuna. Hatimin Argungu, ya sha hanya har ya yi laushi. Kaset ne a ciki, ba takarda. Haka Inna ke aika saƙo, don ba ta rubutun boko. Ba ni da abin saurare. Na kai shi wurin aiki a aljihu, da lokacin hutun rana ya yi na shiga ɗakin tsintsiya na nuna wa Goggo. Ta cire nata kaset na waƙoƙin garinsu, ta sa nawa, ta zauna ta naɗe hannu kamar ita ma za ta fahimta.

Abin da na fara ji zakara ne. Sannan sautin daka daga gidan maƙwabta, da akuya, da ƙarar tabarma ana gyara zama. Gidanmu gaba ɗaya ya shigo ɗakin bokiti. Sai muryar Inna. Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarta aka sa mini.

"Salamu alaikum. Uwata, ni ta. Ƙaƙa sanyi? An ce can ruwa kan daskare har a taka. Allah shi kyauta. Rediyon Hajjo ta maƙwabta munka ara, sai da anka gyara ta, shi yas sa maganag ga ta yi baya."

Ta gaishe ni da sunan kowa, ta faɗa mini wadda ta haihu da wanda ya rasu, da yadda ruwa ya ci gefen gonar kawunmu. Sannan na ji ta tashi tana korar yara. Da ta dawo, muryarta ta yi ƙasa.

"Na sallami yara, ni ɗai ta a ɗaki. Umaru ya karanta mani takardarki. Ya ce wai aiki za ki yi da dusa. Na ce to. Ban yi mai gardama ba, namiji na, abin da anka rubuta shi ɗai yaka gani. Amma ni na haihe ki. Tun kina ƙarama ba ki cewa kina jin yunwa, sai ki zo ki tsaya bakin madahi ki ce ko a hura mani wuta. Kin ce an ɗauke jakar abincinki. Kin ce a aiko dusa da gaugawa. Mutanen da ke ƙera jirgin sama, mi za su yi da dusar Zauro?

"Na san shekarar da munka ci dusa, kina goye ba ki sani ba. Ba a cin ta tsura, tana yanka ciki. Don haka da Umaru yat tahi masallaci na kwance ƙullin ukun, na tankaɗe, na zubar da ƙaiƙayi. Na aiki a sawo mani garin ga mai kalar ƙwai da aka shigowa da shi ta iyakar Kamba, wanda aka dama ma yara masu rama. Rabi da rabi na yi maki. Na juya shi sosai, na maida, na ɗinke. Ki dama da ruwan zahi, ki sa tsamiya, in babu ki matsa lemu. Ban gaya ma kowa ba, ke ma kada ki gaya ma kowa. Ki sha ki ƙoshi, ki yi karatunki. In ya ƙare ki sake cewa aiki na, ni na gane."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa, ba komai sai daka. Goggo Ayshe ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta mai warin sabulu. Ta ce, "Anne?" Uwa ke nan a bakinsu. Na gyaɗa kai.

Mafitata ke nan a hannuna, amma sai na kasa tashi. Inna ta ce kada in gaya wa kowa. Kuma in na kai, zan tsaya gaban Baturiya in fassara mata cewa uwata ta ɗauka ina cin abincin tumaki a ɓoye, cewa mun taɓa ci, cewa ba ta san mene ne samfur ba. Na yi kwana biyu ina yawo da kaset ɗin a aljihu. A na uku na ari rediyon Goggo, na ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.

Ta bar ni na kunna. Ina tsayarwa ina fassarawa, idona a kan tebur. Na tsallake maganar shekarar yunwa. Da na kai wajen rabi da rabi, sai ta ɗaga hannu.

"Sake faɗa."

"Rabi dusa, rabi garin."

Ta jawo wani littafi daga aljihun tebur, ta buɗe, ta juyo mini shi. "Abin da na auna ke nan. Ban gaya miki ba, ban gaya wa kowa ba. Kuma na sami sukari da sinadarin ƙarfe a ciki, irin wanda ake ƙara wa abincin yara, abin da babu a ma'ajiyarmu. Ya dame ni, ban san inda zan ajiye shi ba." Ta dubi rediyon, inda zakaran ya sake cara. "Mahaifiyarki ta iya gauraya. Sau tara na ɗiba daga wuri daban-daban, sau tara abu ɗaya ya fito. Injinmu ba ya yin haka."

Dariya ta kuɓuce mini tare da hawaye, na rufe baki da mayafi.

Ta ce, "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Zan rubuta haka da hannuna a takardar zaman." Sannan ta dube ni, ba fuskata ba, wuyan hannuna da ya fito daga riga. "Wata biyar kina nan. Ban taɓa tambayarki me kike ci ba." Na ja hannun rigar na rufe shi.

Aka ba ni ƙarin wata uku in sake gwajin. Amma kafin nan akwai ƙa'ida: duk samfurin da ya shigo da takardar izini, in an gama da shi ƙonawa ake yi, kuma wanda ya karɓe shi ne ke sa hannu. Na roƙi Dakta ta bar mini cokali ɗaya. Ta ce takardar ta gwaji ce, ba ta ci ba, kuma ya riga ya zauna a ɗakin magunguna. Na san gaskiyarta. Na ɗauki ƙullin uku na kai ɗakin shara. Na buɗe na Argungu na shaƙa sau ɗaya. Yanzu na san ƙamshin mene ne. Na zuba su cikin jar leda, na ɗaure, na rubuta sunana da ranar, na rufe murfin.

A karo na biyu na ce wa Yaya Umaru ya aiko kai tsaye daga Birnin Kebbi, cikin kwalabe masu murfi, kada ya bi da su ta wajen Inna. Ya ce, "Wai mi Inna ta yi maki?" Na ce ɗinki ne ke ɗaukar lokaci. Dusar ta zo da ƙaiƙayinta da tsakuwarta, ba hannun da ya taɓa ta. Na shiga ɗakin duhu na kunna fitila. Zauro, Argungu, Augie, duhu tas. Dakta ta ce, "Da kyau," ta sa hannu, aka ba ni shekara biyun. Na daɗe a tsaye a ciki bayan ta fita. Abin da na nema ke nan, na kuma samu, amma ban taɓa jin nisan gida kamar ranar ba.

Na dawo gida da damina, bayan shekara biyun, ruwa ya cika fadama har ya taɓa gefen titin Argungu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta rungume ni ba, ba al'adarta ba ce. Ta bari aka gama gaisuwa, maƙwabta suka watse, Yaya Umaru ya fita duba mota. Sannan ta ce in matso. Ta zagaye wuyan hannuna da babban yatsa da manuni, yatsun ba su haɗu ba. Ta gyaɗa kai, ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Garin ya karɓe ki."

Na dubi yatsunta, duk sun lanƙwashe da tankaɗe da ɗinki.

"Ya ishe ki dai har sanyin ya wuce?"

Na ce, "Awo, Inna. Ya ishe ni."